Idan an yi barazanar watsa hotonki ko hotonka: abin yi tun daga sa'ar farko

Saƙon yakan shigo ne da dare, bayan gida ya yi tsit. Hoton da aka tura wata uku da suka wuce shi ne yake dawowa, a ƙarƙashinsa kuma an jero sunayen da aka kwafo daga shafin mai hoton: yayanta, ƙanwar babanta, malamin Islamiyyarsu, da wanda aka sa musu rana. Sai magana ɗaya: "Ki turo dubu hamsin kafin asuba, ko kowa ya gani." Wani lokacin ba kuɗi ake nema ba. Wani hoton ake so, ko kuma a ce ta zo wuri kaza a same ta.

Abin da tsoro yake sa a yi a wannan lokaci guda uku ne: a biya, a goge hirar, a yi shiru. Duka ukun kuwa su ne ainihin abin da mai barazanar yake buƙata. Za mu yi magana da "ke" a mafi yawan wurare, amma matakan ɗaya ne ga namiji, kuma samari da yawa suna cikin wannan hali ba tare da kowa ya sani ba.

Da wa ake yi?

Masu wannan aiki iri biyu ne, kuma ba a bi da su hanya ɗaya.

Na farko ɗan damfara ne da bai san ka ba, kuɗi kawai yake so, kuma samari ya fi farauta. Yakan buɗe shafi da hoton wata kyakkyawar yarinya, ya turo neman abota a Facebook ko Instagram, cikin awa ɗaya ko biyu hira ta yi daɗi, sai "ita" ta ce a koma WhatsApp ko Snapchat. Ita za ta fara turo hoto, wanda na sata ne, sannan ta ce saura naka. Ko ta kira kiran bidiyo, alhali bidiyon da aka naɗa tuntuni ake kunna maka, ana kuma naɗar naka. Minti kaɗan bayan nan muryar ta sauya. Wannan sana'a ce mai tsari: a watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai mallakar Facebook da Instagram, ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke da hannu a irin wannan damfara. A 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya kashe kansa cikin 'yan awanni bayan an yi masa haka. An kama wasu 'yan uwa biyu daga Legas, aka miƙa su Amurka, a 2024 kotu ta yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 17 da rabi. Duk matashin da abokai ke ja zuwa wannan harka da sunan neman kuɗi, ya dubi wannan adadi da kyau.

Na biyu wanda kika sani ne: tsohon saurayi, ƙawa da aka ɓata da ita, wanda ya taɓa riƙe wayarki. Wannan ya fi haɗari, domin ya san gidanku, ya san wanda kike jin kunya, kuma sau da yawa ba kuɗi ne gabansa ba. So yake ki dawo, ko ya ɓata auren da za ki yi. Irin wannan kuma ba ya farawa da barazana. Yakan fara ne da abin da ake ɗauka kishi ne na so: "Ba ni lambar sirrin wayarki in babu abin da kike ɓoyewa." "Na gan ki a kan layi ƙarfe goma sha biyu, da wa kike hira?" "Kunna kyamara in ga inda kike." Daga nan sai a zo kan "ai aurenki zan yi, me za ki ɓoye mini", sai fushi na kwana biyu idan an ƙi, sai ban haƙuri da katin waya. Wanda ya ɗauki "a'a" ɗinki a matsayin laifi tun kuna zance, ranar da kuka rabu duk abin da ke hannunsa makami ne.

Kada a biya ko sisi

Biya ba ya sayen hoton, domin babu yadda za a yi ki tabbatar an goge shi. Abin da biya yake yi shi ne ya nuna masa kina da hanyar samun kuɗi kuma kina tsoro. Wanda ya tura dubu goma yau, gobe dubu talatin za a nema, har a kai ga sayar da waya, ko ɗan kunne, ko taɓa kuɗin gida. Ɗan damfara yana hira da mutane da dama a lokaci guda, kuma wanda ya daina amsawa yakan zama ɓata lokaci a wurinsa, sai ya koma kan wani. Ba mu ce ba ya taɓa sakin hoton ba, yana faruwa. Amma biya bai hana wannan ba, jinkirta shi kawai yake yi a kan farashi mai hauhawa. Idan an riga an biya sau ɗaya, a tsaya nan, a adana shaidar turawar. Haka ma idan wani hoton ake nema: kowane sabo ya fi na baya nauyi a hannunsa.

Shaida kafin komai

Nan ne aka fi yin kuskure. Kunya takan sa a goge hirar gaba ɗaya, sai washegari a je wurin hukuma hannu rabbana. Kafin ki toshe shi, ki tattara waɗannan:

Hoton allo na kowace barazana, a ga rana da lokaci. Lambar wayarsa ta fito a fili, ba sunan da kika adana shi da shi ba, don haka ki buɗe bayanan lambar ki ɗauka daban. A Facebook, Instagram ko TikTok, ki kwafi adireshin shafinsa da sunan da ke bayan alamar @, domin sunan da ke sama ana sauya shi cikin daƙiƙa. Lambar asusun da ya ce a tura kuɗi, da sunan da ke kanta, da sunan bankin. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi, domin asusu a Najeriya yana haɗe da BVN ko NIN na wani mutum, ko da na wanda aka ara ne, kuma daga shi bincike yake farawa. Saƙonnin murya kuma a adana su yadda suke.

Idan ya kunna saƙo mai ɓacewa, ko manhajar tana sanar da shi an ɗauki hoton allo kamar yadda Snapchat ke yi, ki ɗauki wata wayar ki ɗauki hoton allon wayar taki. Sannan ki tura komai zuwa imel ɗinki ko wurin mutum ɗaya da kika yarda da shi, saboda ko wayar ta ɓace ko an karɓe ta.

Akwai togaciya mai muhimmanci. Idan wanda ke cikin hoton bai kai shekara 18 ba, kada kowa ya kwafi hoton tsiraicin ko ya tura shi, ko da uwa ce za ta tura wa uba don ya gani. Ajiye irin wannan hoto da tura shi laifi ne a doka. Kalaman barazanar za a ɗauka, hoton kuma a bar shi inda yake har jami'i ya duba.

Sai a rufe ƙofa

Bayan shaida ta kammala, ki daina amsawa. Ban da roƙo, ban da zagi, ban da "zan kai ka ƙara". Roƙo yana ƙara masa ƙarfi, gargaɗi kuma yana ba shi lokacin goge sawunsa. Ki kai rahoton shafin a cikin manhajar, sannan ki toshe shi. A WhatsApp, idan aka kai rahoto, saƙonni biyar na ƙarshe da mutumin ya turo suna zuwa wurin kamfanin, shi kuma ba a sanar da shi. Zai iya dawowa da sabuwar lamba. Ki ɗauki shaidar wannan ma, ki sake toshewa.

Daga nan ki ɓoye jerin abokanki a Facebook, ki mayar da Instagram da TikTok na sirri. Idan hankalinki ba zai kwanta ba, ki dakatar da shafin na ɗan lokaci, amma kada ki goge shi, domin gogewa tana tafiya da shaida. Ki sauya kalmar sirri ta imel da farko, tunda ta nan ake dawo da sauran, sannan ta kowane shafi. A WhatsApp ki shiga wurin na'urorin da aka haɗa. Ana iya haɗa har guda huɗu da lamba ɗaya, kuma wanda ya riƙe wayarki na minti ɗaya ya isa ya haɗa tasa ya riƙa karanta hirarki daga gidansa. Duk wadda ba ki gane ba, ki fitar da ita.

Ki faɗa wa mutum ɗaya a daren nan

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne wuya, kuma shi ne yake karya barazanar. Jarin mai barazana gaba ɗaya shi ne "kada gida su ji". Ranar da wani babba a gida ya ji daga bakinki, rabin abin da yake riƙe da shi ya zube.

Ba dole ba ne a fara da Baba. Ki zaɓi wanda kika san yana iya riƙe magana kuma ana jin maganarsa a gida: Yaya, Anti, Goggo, Kawu, malamar makaranta, matar wa. Ƙawa tsararki tana iya tausaya miki, amma ba ta da ikon yin komai, kuma sau da yawa daga nan labari yake fita. Idan baki ya kasa furtawa, ki rubuta: "Anti, na yi kuskure, wani yana yi mini barazana da hotona, ina tsoro, ina neman taimakonki kafin kowa ya ji." Ya wadatar. Ba sai kin ba da labarin komai a lokaci ɗaya ba.

Idan kuma hoton ma ba naki ba ne, fuskarki aka ɗora a jikin wata da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, matakan ba su sauya ba. Ki nemo asalin hoton da aka ciro fuskar daga ciki ki ajiye, zai taimaka wajen nuna ƙaryar.

Hana hoton hawa shafuka

Akwai hanyoyi biyu na kyauta da mutane da yawa ba su sani ba. Ga wanda ya kai shekara 18 lokacin da aka ɗauki hoton, akwai StopNCII.org. Ga wanda bai kai ba a lokacin, ko da yanzu ya girma, akwai Take It Down, na cibiyar kare yara ta NCMEC da ke Amurka. Yadda suke aiki: za ki zaɓi hoton a cikin wayarki, shafin ya ƙirƙiro masa wata lamba ta musamman kamar zanen yatsa, lambar kaɗai ce take tafiya, hoton ba ya barin wayar. Kamfanonin da ke cikin tsarin, irin su Facebook, Instagram da TikTok, suna amfani da lambar su gano hoton idan wani ya yi ƙoƙarin ɗora shi. A adana lambar ƙorafin da shafin zai bayar, don da ita ake bibiya.

Iyakarsu ita ce ba sa ganin abin da ke cikin hirar WhatsApp, saboda a kulle take tsakanin mai turawa da mai karɓa, kuma idan an yanke hoton ko an sauya shi sosai lambar tana iya ƙin kama shi. Idan hoton ba ya wayarki, kada ki ce wani ya turo miki don ki yi wannan.

Hukuma

Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta tsoratarwa da neman kuɗi ta hanyar barazana a sashe na 24, ta kuma haramta hotunan batsa na yara a sashe na 23. Akwai kuma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda jihohi da dama suka karɓa. Jamhuriyar Nijar ma tana da tata dokar laifukan intanet tun 2019. Ana iya kai ƙara ofishin 'yan sanda, kuma rundunar tana da cibiya ta musamman kan laifukan intanet a Abuja. Hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP tana karɓar irin wannan ƙorafi, musamman idan ya shafi yara, lambarta ta kyauta 627. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da rassa a jihohi kuma tana taimaka wa mata da yara. Idan rai yana cikin haɗari a take, a kira lambar gaggawa 112.

A je da babba. A buga shaidun a takarda, a tafi da kwafi biyu, a riƙe ɗaya. A rubuta ƙorafin a jere: yaushe aka haɗu, yaushe barazana ta fara, nawa aka nema, nawa aka biya. Yarinya tana da damar ta nemi jami'a mace ta saurare ta.

Idan mutumin sananne ne, iyalai da yawa sun fi son a bi ta mai unguwa, ko Hisba a jihohin da take, ko manyan gidajen biyu. Wannan yana iya aiki, domin shi ma yana da sunan da yake tsoron ya ɓaci. Amma "na rantse na goge" ba hujja ba ce. Hoto yana zama a kwandon sharar waya har kwana 30 ko fiye, yana zama a Google Photos, a katin ajiya, a imel, a wata tsohuwar waya. A duba waɗannan a gaban shaidu, a sa shi ya rubuta alkawari ya sa hannu, ku kuma ku riƙe shaidarku ko da an yi sulhu.

Ga iyaye da yayye

Maganar farko da ta fito daga bakinku ita yaron zai riƙe har abada. Ku fara da "Alhamdu lillahi da kika faɗa mini." Faɗa yana da lokacinsa, ba daren nan ba. Yarinyar da aka tarba da mari da "kin zubar mana da mutunci" ta koyi darasi ɗaya, cewa mai barazanar gaskiya ya faɗa mata, kuma ƙannenta da ke kallo ba za su taɓa kawo tasu matsalar ba.

Kada a fasa wayar, kada a karya layin, shaida ce. Kada a tura samarin gida su je su dake shi, domin yanzun nan mai laifi zai koma mai ƙara, kuma a fusace yake sakin abin da ke hannunsa. Kada a cire ta daga makaranta ko a yi gaggawar aurar da ita don rufe magana, balle a ce shi ɗin za ta aura.

Kwanakin farko a sa ido sosai. Idan ta daina cin abinci, ta kulle kanta, ko aka ji tana cewa "gara in mutu" ko tana neman gafarar mutane ba dalili, a ɗauki maganar da gaske. Kada a bar ta ta kwana ita kaɗai. A kwashe fiya-fiya, maganin ɓera da ƙwayoyin magani daga inda hannu zai kai, a kai ta asibiti ta ga likita. Namiji ma haka, shi da ya fi ɓoye abin da ke cinsa.

Idan hoton ya riga ya fita, a sami mutum biyu ko uku su riƙa kai rahoto a duk inda ya bayyana, a kira masu kula da guruf a waya a ce su cire. Duk wanda ya tura shi gaba da sunan "don a ɗauki darasi" ya shiga cikin laifin, a doka da kuma a addini.

Ƙofofin da aka fi shigowa ta ciki

Hoton "kallo sau ɗaya" na WhatsApp ba kariya ba ne. Manhajar tana hana ɗaukar hoton allo, amma ba ta hana wata wayar da ke gefe ɗauka. Kiran bidiyo ma ana naɗarsa ba tare da wata alama ta bayyana a wurinki ba.

Satar WhatsApp kusan kullum da lamba shida ake yin ta. Wani zai kira ya ce daga guruf ɗin makarantarku ko na tallafi yake, an turo miki lamba don shiga taro, ki karanto masa. Wannan lambar mabuɗin asusunki ce. Maganinta a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a cikin saiti, a zaɓi wasu lambobi shida da ba ranar haihuwa ba, a haɗa da imel. Idan an riga an sace, ki sake yin rajista da lambarki, sabon saƙo zai zo, da kin shigar da shi ɓarawon ya fita. Idan ya riga ya sa nasa makullin, sai an jira kwana 7, a wannan tsakanin kuma a sanar da 'yan uwa kada su tura wa "ke" kuɗi.

Wurin mai gyara ko mai caji, a cire layi da katin ajiya. Canjin gilashi ko bakin caji ba ya buƙatar a bar waya a buɗe ta kwana. Idan dole sai an gwada, ki buɗe da kanki kina tsaye. Kafin a sayar da waya, a fita daga asusun Google, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Wanda aka haɗu da shi a intanet kuwa, a ɗauki hotonsa a bincika da Google Lens, manhajar da ke gano inda hoto ya bayyana a intanet, sau da yawa za a tarar na wani ne daban. Wanda kullum kyamararsa "ta lalace", ko ya fara maganar aure a mako na farko amma ya ƙi turo magabatansa, ko ya ce kada kowa ya san da shi tukuna, ya riga ya nuna kansa. A 2012 wata ɗalibar jami'ar jihar Nasarawa ta tafi Legas wurin mutanen da ta sani ta Facebook da sunan harkar kasuwanci, aka kashe ta a ɗakin otal, a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Mai son ganinki ya zo ƙofar gida ya yi sallama. Idan haɗuwar ta kasuwanci ce kuma dole a fita, a yi ta da rana, a bainar jama'a, da rakiya, a kuma kunna wa wani na gida nuna-wuri na WhatsApp, wanda ake iya saitawa na minti 15, awa 1 ko awa 8.